Wane Iri Ne?

A gidanmu na Gyallesu akwai wani lungu tsakanin randa da katanga, inda ruwan alwala ke taruwa kafin ya bi rariya ya fita layi. Ƙasar wurin ba ta bushewa ko bazara ta kai bazara. A nan ne wani tsiro ya ɓullo da farkon damina, ganye ɗaya tak, miƙe kamar tsinin mashi, tsawonsa bai wuce taƙi ba, jikinsa da layi-layi kamar takardar da aka ninke aka warware. Na ɗauka ciyawa ce. Na sa hannu zan tuge, ya ƙi tugowa, ganyen ya zame a yatsuna da tauri irin na fata. Na ce bari in ƙyale shi in ga gudun ruwansa.

Kafin ya yi ganye uku gidan ya rabu a kansa. Goggo, wadda ta yi ƙuruciyarta a wani ƙauye arewa da Katsina kafin aure ya kawo ta Zazzau, ko sunkuyawa ba ta yi ba. "Kaba ce," in ji ta. "Ku bar min ita, in Allah ya raya ta ko faifai na samu." Ɗalibin jami'a na harabar Kongo da ke haya a ɗakin zaure, mutumin kudancin Kaduna, ya ce ba ya tantama kwakwa ce, don a garinsu haka suke fitowa birjik a gindin iyayensu. Maƙwabcinmu ya leƙo ya ce giginya ce, a yi maza a cire tun ba ta tsaga katangar da muka haɗa ba. Ɗan yayata kuwa waya ya zaro ya ɗauki hoton ganyen. Manhajar ta yi jim, ta ba shi wani dogon suna na Latin, ta ce itacen ado ne daga Amurka. Ya koma ɗaya gefen ya sake ɗauka, ta ba shi wani sunan.

Babu wanda ya yi wauta a cikinsu. Jariran waɗannan itatuwa kama suke da juna, kamar jariran mutane kafin ranar suna. Goruba, giginya, dabino, kwakwar manja, duk da ganye guda marar tsaga suke shigowa duniya, sai an kwana biyu kowa ke fitar da kamannin gidansu. Goggo ta ga abin da ta saba takawa a gonakin arewa. Ɗalibin ya ga na garinsu. Manhajar ma nata garin ta gani, wato lambunan Turawa da aka ɗura mata hotunansu.

Abin da ya tsaya min a rai wani ne daban. Da daddare na kira wani abokina zan ba shi labari, sai na rasa kalmar farawa. Na buɗe baki zan ce "wani ɗan kaza ne ya tsiro a gidanmu", na laluba, ban sami abin da zan sa a gurbin kazan ba. Turawa suna da kalma ɗaya da suka gada daga Latin, palma, wadda asalinta tafin hannu take nufi, suna kifa ta a kan itatuwa wajen nau'i 2,600 da ke warwatse a ƙasashe masu zafi. Mu ba mu da irinta. Muna da giginya da goruba da dabino da kwakwa da tukurwa da kajinjiri, kowa da sunansa na yanka, amma babu sunan gidan da ya tara su. Shi ya sa mai fassara in ya yi karo da kalmar Baturen yake kame-kame, yau ya ce dabino, gobe ya ce kwakwa, jibi ya ce itatuwa dangin giginya. Ƙarshe abin da na ce wa abokin nawa shi ne, "wani abu mai kama da kaba."

Na sha jin 'yan boko suna kiran irin wannan giɓi talaucin harshe, kuma ban yarda ba. Kalmar da ke tara abubuwa da yawa a buhu ɗaya mai hange daga nesa ne ke buƙatarta. Wanda ke rayuwa da itatuwan nan ba ranar da zai tafi kasuwa neman "ɗaya daga cikinsu". Mai rufin soro azara yake nema, azara kuwa sai giginya. Mai ɗaurin jinka ko mai haɗa tsani gwangwala yake nema, ita kuwa sai tukurwar fadama. Mai miya manja, mai azumi dabino. Kai wa magini gwangwala a madadin azara, ka ce masa ai duk dangi ɗaya ne, ka tsaya ka ji amsa.

Dukiyar Hausa a cikin kowace itaciya ta zuba ta. Dubi goruba. Muddin tana ƙasa, cunkus, ganye na fitowa kai tsaye daga turɓaya, sunanta kaba, kuma da ita ake tabarma da igiya da malafa da kwando. Sai ta tashi ta yi jiki, ta rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu, sannan ta zama goruba. Wannan rabuwar ma abu ne da ba kasafai ake ganinsa a danginta ba, yawancinsu sanda ɗaya suke miƙewa har su mutu. Ɗan da ake gwaigwaya goruba, ƙwallon da ya rage bayan haƙori ya gaji ƙodago. Kuma sau da yawa kaba goruba ce da aka hana girma: masu saƙa na yanke sabon ganye duk sa'ad da ya fito, dabbobi su bi da kiwo, sai ta yi shekaru tana rarrafe. A jihar Maraɗi akwai kwari guda da ya ratsa yankin Mayahi, mai suna Gulbin Kaba. Ba a ce Gulbin Goruba ba, ko da yake gorubar na nan tsaitsaye. Sunan abin da ke shiga hannu aka ba wurin.

Giginya ma haka. Tana cikin ƙasa muruci ce, ana dafawa ana sayarwa a tire. Ta faɗi an tsaga ta, azara ce, wadda gara ba ta cika samun yadda take so da ita ba. Duk mutumin Zariya da ya taɓa ɗaga kai a tsohon Masallacin Juma'a na cikin birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830 zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, giginya ya kalla ba tare da ya gan ta ba. Azara ɗaya ba ta iya ƙetare ɗaki mai faɗi, sai maginan suka riƙa jera su, wata na hawa kan wata tana ɗan zarce ta, ana ɗaurewa ana shafe su da ƙasa, har bakan ya haɗu a sama. Tana tsaye kuma ta zama karin magana: inuwar giginya, na nesa ka sha ki. A Sakkwato ta zama sunan fili, inda rundunar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ta tari Turawa ranar 15 ga Maris, 1903, kuma yau barikin soja da filin wasa da otal duk suna amsa sunan.

To in baƙo ya zo fa? Hausa tana da dabararta, kuma tsohuwa ce: ta ɗauko sunan ɗan gida mafi kama da shi ta rataya masa adireshi. Da kwakwar bakin teku ta iso arewa aka ce kwakwar Attagara, wato Idah ta ƙasar Igala a bakin Kwara, garin da labarin gargajiya ya ce a can Sarauniya Amina ta Zazzau ta rasu. Itacen ba ɗan Idah ba ne, ta nan dai fatake suka biyo da shi. Kajinjiri, ɗan'uwan dabino na daji mai ƙananan 'ya'ya, aka ce dabinon biri. Ba mu kaɗai ke wannan ba. Larabawa da suka ga tsamiya suka ce tamar hindi, dabinon Indiya, alhali tsamiya ba ta haɗa komai da dabino ba sai ɗanƙo da launi, kuma daga bakinsu Turawa suka karɓi sunan suke amfani da shi har gobe. Kwanan baya na tambayi wani mai sayar da shuke-shuken ado a bakin titi sunan dogayen nan masu jiki sumul kamar ginshiƙin siminti da koren wuya, waɗanda ake jerawa a gaban bankuna da manyan makarantu. Asalinsu Kuba da maƙwabtanta. Ya ce min, "Kwakwar Turawa, Alhaji, amma ba ta 'ya'yan ci." Sunan ya isa ciniki.

Sai dai tsiron da ke bayan randarmu bai kai ko'ina cikin wannan ba. Ba a saƙa da shi, ba a ci, ba a rufi, ba a san ta wace hanya ya zo ba balle a rataya masa gari. Harshen da ke raɗa suna bisa amfani ba shi da ta cewa a kan abin da bai fara amfani ba. A nan kam dole na sallama wa masu ilimin tsirrai, don su tambayarsu ba ta jiran amfani.

Dabararsu, in aka cire mata Latin, ba ta fi ƙarfin kowa ba. Tambayar farko, ganyen mafici ne ko gashin jimina? Giginya da goruba mafici ne, buɗaɗɗe kamar tafin hannu da yatsu. Dabino, kwakwa da tukurwa gashin jimina ne, kara ɗaya a tsakiya da 'yan ganyayyaki hagu da dama. In gashin jimina ne, a ɗauki ɗan ganye ɗaya a duba yadda ya ninku a inda ya kama karan. Na dabino da na kajinjiri sama suke buɗe baki kamar indararo, in ka zuba ruwa zai tsaya. Na kwakwa da na tukurwa a kife suke kamar rufin kwano, ruwa zubewa yake gefe da gefe. Wannan 'yar alama ita ta fi burge ni, don shekara da shekaru ina share tsakar gida da tsintsiyar kwakwa ban taɓa lura ba. Sai ƙaya. Ta dabino dogayen allurai ne a gindin ganye, waɗanda asalinsu 'yan ganyayyaki ne da suka ƙeƙashe. Ta goruba baƙaƙen ƙugiyoyi ne a jere a gefen kara, duk wanda ya taɓa yankan kaba ya san su a fatarsa. Giginya gefen karanta kamar zarton da haƙoransa suka kakkarye. Kwakwar Attagara ba ta da ƙaya ko ɗaya.

Na tsuguna da wannan ilimi a gaban tsiron, na ga bai amfane ni da komai ba. Duk tambayoyin na manya ne. Ganyensa bai tsage ba balle a ce mafici ko gashin jimina, ninkinsa na hawa da sauka ta kowane gefe, ƙaya kuwa ko alama. Na yi tunanin kai shi Samaru, ɗakin adana busassun tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello, sai na tuna su ma can fure da 'ya'ya suka fi dogara da su, tun daga Linne ɗan Suwidin da ya jera sunayen tsirrai a 1753 bisa tsarin furanninsu. Shi ne ya sa wa dabino sunan da ke nufin mai ɗauke da yatsu. Goruba kuwa sunanta na boko ya jingina ta ga tsohon birnin Tibis na Masar, inda Luksor take yanzu, kuma an sami 'ya'yanta a kaburburan Fir'aunoni. Su ma adireshi suka rataya mata, kamar yadda muka yi da Attagara. Likita Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa ya fitar da littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, aikinsa ke nan, haɗa waɗannan jerin sunaye biyu fuska da fuska, kuma inda nasa jerin ke da layi ɗaya namu yakan zo da uku ko huɗu.

Da ganye ya yi shiru, sai saiwa.

Muna da kalmomi biyu a nan, saiwa da jijiya, ta biyun muna tarayya da itace a kanta, don mu ma jijiya ce ke riƙe da mu. Muna kuma cewa a binciki tushen magana, a san asalin mutum kafin a ba shi aure. Tudun Wadar Zariya ma, wadda aka kafa zamanin Turawa a wajen ganuwa don baƙin da ba 'yan birni ba, unguwa ce da tambayar "daga ina iyayensa suka zo" ba ta tsufa a cikinta. Duk wannan ya sa na zaci saiwa ce za ta faɗi gaskiyar da ganye ya ɓoye. Ashe a wajen manyan itatuwan nan saiwa ta fi ganye rowar magana. Ba su da uwar saiwa mai nutsawa kamar ta tsamiya ko darbejiya. Tarin jijiyoyi ne masu kauri kusan ɗaya, suna fitowa daga gindi kamar na dawa ko masara, kuma ba sa ƙara ƙiba da shekaru, sai dai tsofaffi su mutu sababbi su fito. In ka tono na dabino da na kwakwa ka ajiye, da wuya ka raba. Tukurwa ce ke ɗan tona asirin kanta, don a cikin taɓo takan turo wasu 'yan jijiyoyi sama su sha iska. Wannan saiwa marar ƙara ƙiba ta kwantar wa maƙwabcinmu da hankali game da katanga, ni kuma ta wanke ni daga kuskurena na farko, da na ɗauki tsiron ciyawa: a lissafin masana, giginya duk tsayinta ta fi kusa da gamba da gero a kan kuka. Jikinta ba shi da zoben shekaru irin na sauran itatuwa, kuma ido ɗaya gare ta a can ƙoli. In aka sare kan, shi ke nan.

Amma jariri daban ne. A ƙarƙashin ƙasa jaririn yana ɗauke da labarin haihuwarsa, kuma haihuwar iri biyu ce. Kwakwa, ta manja da ta Attagara, a jikin ƙwallon take tsirowa, ɗa na manne da uwa. Dabino da goruba da giginya kuwa ƙwallon wata igiya yake fitarwa kamar igiyar cibiya, da jaririn a bakinta, ta yi ta nutsawa da shi ƙasa, sai ya sami wuri mai sanyi sannan ya yi saiwa ya turo ganye sama, yana shan abincinsa ta igiyar har ƙwallon ya ƙare. Dabara ce ta itatuwan ƙasar fari da gobarar daji da awaki: abin da za a iya kashewa yana can inda wuta da haƙori ba sa kai wa. A giginya igiyar takan nutsa kamu guda ko fiye, kuma a can ƙasan ne muruci ke kumbura. Kusan kowa saiwa yake ɗaukarsa, tunda tono shi ake yi kamar rogo. Masana sun ce kuben farko ne na tsiron, wato ganye ne da bai taɓa ganin rana ba, ya tara abinci don tafiyar da ke gaba. Masu cewa murucin kan dutse bai fito ba sai da ya shirya sun lura da shirin tun kafin a zana shi a littafi.

Ina cikin wannan ne na ji tambayar da muke ta yi wa juna a gidan da sabon kunne. Wane iri ne? A Hausa iri shi ne nau'i, shi ne launi, shi ne dangi, mukan ce mutum ɗan irin arziki ne, mukan ce irin wannan hali. Kuma iri shi ne abin da manomi ke ɓoyewa a rumbu ya fitar ranar shuka. Kalma ɗaya ce ta riƙe ma'anonin biyu, kuma ba da wasa ta riƙe su ba, manoma ne suka ƙera ta, mutanen da suka san cewa abin da za a kira shuka da shi a kaka yana cikin abin da aka binne da damina. Makonni muna tambayar iri muna kallon ganye.

Na bari aka yi ruwa da dare, da safe na ɗauko tsohon cokali da wuƙa. Goggo ta jawo kujerarta 'yar tsuguno ta zauna a kaina. "Ɗan nan, in ka kashe min kaba ni da kai ne." Na ce, "Goggo, leƙawa kawai zan yi in rufe." Na fara daga nesa ina zagayowa. Gindin ya fi zurfi a kan yadda na zata, fari fat, da jijiyoyi uku ko huɗu masu tauri kamar zaren ɗinkin buhu. Daga gefensa wata igiya ta yi sama a karkace. Da ganinta kwakwa ta fita daga lissafi, ɗalibin ya yi dariya ya ce ya janye ƙararsa. Na bi igiyar da yatsa har kusa da fuskar ƙasa. Da giginya ce da na ci karo da abu kamar dunƙulen hannu, da goruba ce da ƙodago ne mai nauyi. Abin da na tarar siriri ne, tsawon gaɓar yatsa, da tsaga a cikinsa daga kai har gindi, ya yi laushi don an shanye shi. Na kajinjiri bai kai haka tsawo ba. Ƙwallon dabino ne.

Ba sai an yi bincike ba. A daidai wurin muke shimfiɗa tabarma da azumi, kusa da randa saboda ruwan sanyi, kuma duk wanda ya buɗe baki lungun nan yake cilla ƙwallon. Dabinon daga kasuwar Tudun Wada muke saye, a wajen masu cewa nasu ɗan Agadas ne. Manoma suna da kalma ga abin da ya zube a gona ya tsiro da kansa ba wanda ya shuka: gyauro. Namu gyauron azumi ne.

Sai na tuna hadisin Abdullahi ɗan Umar da ke cikin Bukhari. Suna zaune aka kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zuciyar dabino, sai ya tambayi sahabbai wace itaciya ce ganyenta ba ya zuba, kuma ta yi kama da Musulmi. Hankalin mutane ya tafi itatuwan daji. Abdullahi ya raya a ransa dabino ce, amma kunya ta hana shi magana don shi ne ƙarami a wurin, har Annabi ya faɗi amsar da kansa. Malamai sukan tsaya a kan kamannin mumini da dabino, ko a kan kunyar yaro gaban manya. Ni abin da na gani a ranar shi ne mutanen Madina, waɗanda dabino ne abincinsu da rufin masallacinsu, an ba su alama ta ganye, abin yana gabansu, suka tafi jeji nema. Mu ma mun je Amurka da kudancin Kaduna da arewacin Katsina.

Kafin in rufe ramin na juya ƙwallon in ga inda igiyar ta fito. Na zaci daga tsagar ne. Ashe daga baya ne, daga wani ɗan ɗigo da bai fi kan allura ba. Larabci yana da suna ga wannan ɗigon, naƙir. Yana da suna ga ɗan zaren da ke kwance cikin tsagar, fatil, da kuma 'yar yanar da ke lulluɓe ƙwallon, ƙiɗmir. Duka ukun sun zo a Alƙur'ani a matsayin ma'aunin abin da ya kai matuƙa a ƙanƙanta, biyun farko a Suratun Nisa'i, na ukun a Suratu Faɗir. In malami ya zo kansu a tafsirin azumi sai ya yi jimla guda kafin ya fassara kalma ɗaya, kamar yadda Balarabe zai yi jimla guda kafin ya fassara kaba ko muruci. Kowane harshe ya yi zurfi ne a inda hannun masu shi ya fi kai-komo. Tun ina yaro nake jin naƙir a matsayin abin da ba a bakin komai yake ba. Ban taɓa sanin ta nan itacen ke fitowa ba.

Ita kanta kalmar dabino ba Larabci ba ce, abin da kan ba mutane mamaki, ganin yadda muka haɗa 'ya'yan itacen da Makka da Madina. Balarabe nakhla yake ce wa itacen, tamar ga 'ya'yan. Tamu ta yi kama da dibinoje ta Fulatanci da takwararta ta Barebari, kuma masu bin diddigin harsuna suna jan zarenta ta harsunan Buzaye da danginsu har zuwa tsohon harshen Masar. Ta Sahara ta shigo, a bayan raƙumi, kamar yadda ƙwallon namu ya shigo a bayan mota.

An sami suna, sai na zaci magana ta ƙare. Goggo ce ta nuna min da saura. Dabino, kamar giginya da goruba, akwai namiji akwai mace, a itace daban-daban, kuma mace ce kaɗai ke haihuwa, in an kai mata garin furen namiji. Abin da aka shuka daga ƙwallo kusan rabi maza ne, kuma ko macen ba ta gadon zaƙin uwarta yadda yake. Shi ya sa masu gonakin dabino, daga Agadas har Dutse inda cibiyar binciken dabino take, suka fi son cire 'ya'yan da ke fitowa a gindin uwar da aka sani su dasa. Ganye ba ya faɗin wannan, saiwa ba ta faɗi, sai ranar da fure ya fito, bayan shekara huɗu ko biyar in an yi sa'a, wani lokaci fiye. Akwai ƙwallayen dabino da aka tono a Masada kusa da Tekun Gishiri, masu shekara wajen 2,000. Aka shuka a 2005 ɗaya ya tsiro, duniya ta yi ta murna, da ya yi fure a 2011 sai ga shi namiji. Ga kuma damina irin ta Zariya, mai zubar da ruwa wajen milimita 1,000 a shekara, alhali dabino so yake ƙafarsa na cikin ruwa kansa na cikin rana.

Nahawu dai bai jira fure ba. Giginya, goruba, kwakwa, tukurwa, kaba, duk mata ne a bakinmu, ko da magini ya ce namijin giginya ya fi azara mai kyau, "ita" zai ci gaba da ce mata. Dabino kuwa namiji ne a Hausa, har wadda ke ɗauke da nonna goma. Tun ranar da na tono ƙwallon mutanen gidan suka koma cewa "shi": an ba shi ruwa? kada akuya ta cinye shi. Goggo kaɗai ta tsaya a kan "ita".

Na mayar da ƙasar a hankali, na danna da tafin hannu, ɗan yayata ya kewaye wurin da fasassun bulo. Sati biyu ganyen ya yi laushi kamar ya yi fushi, sannan na huɗu ya leƙo daga tsakiya, shi ma bai tsage ba. Rannan da la'asar na tarar da Goggo tana juye masa sauran ruwan butarta.

Na ce, "Goggo, yau kuma dabinon ake wa hidima?"

"Ka ce dabino ne, na ji," in ji ta. "Mace ce ko namiji?"

Na ce sai nan da shekara biyar, in muna da rai.

Ta ajiye butar ta gyara bulo ɗaya da ƙafa. "To kafin nan kabata ce."